Akurkin kaji a hunturu: inda za a toshe da inda za a bari a buɗe

Da an gama kai damman gero rumbu, iska ta juyo daga arewa maso gabas, sai masu kaji a cikin Maraɗi da ƙauyukan kewaye su shiga neman leda da tsofaffin buhuna. A naɗe akurki ciki da waje, a cusa tsumma a kowace kafa, ƙofa ma a danne ta da guntun kwano a ɗora dutse. Tausayi ne ke kawo haka, ba wanda zai ga laifin niyyar. Amma kaji da yawa da ke tari da kumburin fuska a Disamba da Janairu, ba sanyi ne ya fara kayar da su ba, iskar da aka kulle su da ita ce. An gudu ba a tsira ba.

Zafin jikin kaza yana wajen digiri 41, ya ɗara na ɗan Adam da kusan digiri 4, ga gashi mai riƙe ɗumi idan ta kumbura shi. A nan Maraɗi sanyin dare a Disamba da Janairu yakan tsaya tsakanin digiri 12 da 15, wani lokaci ya ɗan sauka ƙasa da haka, musamman ga waɗanda ke kusa da kwarin Gulbi, inda sanyi ke taruwa da asuba. Babbar kaza mai lafiya, mai cikakken gashi, wadda ta kwanta da cikinta cike, wannan sanyin ba ya yi mata komai. A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba ma ana kiwon kaji a ɗakunan da ba a hura musu wuta. Abu biyu ne ke karya ta: iska mai bugun jikinta tana barci, wadda ke buɗe gashin ta kwashe ɗumin da ke ƙarƙashi, sai kuma iskar da ta tsaya cik ba ta fita.

Ta biyun ita ce mutane ba su cika lura da ita ba. Kaza ba ta gumi. Ruwan da ta sha, wanda ya kai kusan rubu'in lita a yini ga mai yin ƙwai, ta numfashi da kashi yake fita, kuma ɗanyen kashin kaza kusan uku bisa huɗunsa ruwa ne. Kaji goma a ɗan ƙaramin wuri daga magariba zuwa hantsi, ka lissafa da kanka. Laimar nan tana jiƙa shimfiɗa, jiƙaƙƙen kashi kuma yana fitar da amoniya, wato iskar nan mai yaji da ke sa ido ruwa. A maƙogwaron kaza akwai wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, aikinsu share ƙura da ƙwayoyin cuta su dawo da su waje. Amoniya tana kashe musu ƙarfi. Masana kiwon kaji sun sa iyakar amoniya a kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗaki, kuma hancin mutum yakan ji warin kafin a kai wannan iyakar. Ka haɗa da cewa tsuntsu, ban da huhu, yana da jakunkunan iska tara a cikin jikinsa, duk abin da ya shaƙa yana ratsa shi sosai. Ga ƙurar hunturu a kai. Kazar da ta yi mako biyu tana kwana cikin wannan, kowace mura ta zo ita za ta fara kamawa.

Saboda haka duk aikin da zan bayyana a kan abu ɗaya yake: iska ta riƙa wucewa ta saman kawunansu dare da rana, amma kada ta bi ta inda suke kwance.

Fara da dubawa, kafin sayen komai

Ka je akurkin bayan sallar asuba, kafin kowa ya buɗe ƙofa. Wannan ne kaɗai lokacin da za ka san irin iskar da suka kwana a ciki, domin da an buɗe, cikin ƴan mintoci shaida ta ɓace. Kada ka tsaya a miƙe. Ka durƙusa, ka sauke fuskarka daidai tsayin kaza, domin amoniya daga ƙasa take tasowa kuma su a nan suke numfashi. Idan ido ya yi yaji ko hanci ya ji warin nan mai hawa kai, iska ba ta isa ba. Sai ka miƙa hannu ka shafa cikin kwanon rufi. A hunturu, lokacin da wanki ke bushewa tun kafin a gama shanya, bai kamata ka taɓa ruwa a jikin rufi ba. Idan ka tarar da ɗigo-ɗigo a jere kamar a murfin tukunyar tuwo, numfashin kajinka ne ya rasa hanyar fita, kuma zai ɗigo ya koma musu a baya.

Ka kasa kunne kuma. Kaza mai lafiya shiru take kwana. Atishawa, minshari, ko ƙarar kur-kur a maƙogwaro, alama ce an riga an fara taɓuwa.

Dubawa ta biyu da dare ake yin ta, a daren da iska ke kaɗawa. Ka ɗaure gashin kaza ɗaya a bakin zare ka rataya shi daidai inda suke kwana, ka rataya wani can kusa da rufi. Bayan isha'i ka leƙa da tocila. Abin da ake so shi ne na sama ya riƙa motsi a hankali, na ƙasa ya tsaya. Idan na ƙasa yana rawa, iska na bugunsu. Idan duka biyun sun tsaya cak, ɗakin a toshe yake. Wannan ɗan gwajin ya fi duk wani zato, kuma za ka maimaita shi bayan ka gama gyara.

Toshe ƙasa, toshe arewa da gabas

Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, tun daga Nuwamba har zuwa ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Cikin gari katangu da lunguna sukan karkatar da iska, don haka ka lura da kusurwar da ƙura da ganye ke taruwa a tsakar gidanka, ita za ta nuna maka ta inda take shigowa. Waɗannan ɓangarori biyu, arewa da gabas, su ake rufewa, daga ƙasa har sama da kan kazar da ke kan sanda.

Zana da asabari sun fi komai dacewa. Suna karya ƙarfin iska, suna tare ƙura, amma ba sa hana ɗaki numfashi. Buhu ma ya yi, a ninka shi biyu. Leda da tamfol ba sa barin komai ya ratsa, don haka in dole sai da su, a sa su a bangon arewa da na gabas kaɗai, kada a zagaye akurki da su. Wanda akurkinsa ke fili, ba katanga kusa, ya kafa zana a tsaye kamar taku biyu daga bango ta wajen arewa maso gabas. Iska ta gaji a kanta kafin ta iso.

Tsagewar bango da ramukan ƙasa a yaɓe su da laka. Riba biyu ce, domin a cikin tsagar nan kaskar kaji ke ɓuya da rana, ta fito da dare ta sha jini. Amma manyan tagogi kada a toshe su da laka ko siminti. Duk abin da za ka sa a kansu ya zama na cirewa, domin Afrilu da Mayu na tafe, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kuma zafi ya fi sanyi kashe kaji a ƙasarmu nesa ba kusa ba.

Buɗe sama, ta kudu da yamma

Nan ne zuciyar aikin, nan ne kuma aka fi yi mini gardama. Wata tsohuwa mai kiwon kaji da zabi ta ce mini, "Ɗan nan, ni da nake kwana da bargo da kaskon wuta, ka ce in bar wa kaza taga a buɗe?" Na ce, "Inna, gobe da asuba ki sa hannu ƙarƙashin fiffiken ɗaya daga cikinsu ki ji." Duk wanda ya taɓa yin haka ya san ɗumin da ke wurin. Iskar da ta ɗumama da jikinsu, ta ɗauki laimar numfashinsu, sama take hawa. In ta sami kafa a can sai ta fice, sabuwa ta maye gurbinta a hankali, su kuwa suna ƙasa ba abin da ya taɓa su. Yadda za a buɗe kafar ya danganta da irin akurkin.

Idan ɗaki ne na bulo ko tubali mai rufin kwano, ka duba tsakanin kan bango da kwano. Magina sukan cike wurin tsaf, kamar yadda suke yi wa ɗakin mutane. A ɗakin kaji kuskure ne. A cire sahun bulo na sama a bangon kudu, a bar tsaga mai tsayin santimita 15 zuwa 20 a tsawon bangon, a yi wata gajeriya a bangon yamma. Ga ɗaki mai mita 2 a mita 1 da rabi, mai kaji 10 zuwa 12, wannan ya isa a fara da shi, hancinka da asuba shi zai gaya maka ko a ƙara. Dalilin yin biyu shi ne iska ba ta fita sai wata ta shigo, kafa ɗaya tilo ba ta jan iska sosai. Idan rufin mai gangare ɗaya ne, babbar tsagar ta kasance a ɓangaren da ya fi tsawo, domin can iska mai ɗumi ke taruwa. In an yi rashin sa'a ɓangaren mai tsawo arewa yake kallo, a buɗe shi duk da haka, amma a kafa falankin katako ko zana a gabansa da ɗan tazara, yadda hunturu ba zai faɗo ciki kai tsaye ba.

Tsakanin kan kazar da ke zaune a sanda da bakin tsagar, a sami aƙalla kamu ɗaya, wato wajen santimita 45 zuwa 50. Idan ɗakin gajere ne, sandar za ka sauke ƙasa, ba tsagar za ka toshe ba.

Kowace kafa da aka buɗe a rufe ta da ragar waya mai ƙananan idanu, kamar santimita ɗaya, a buga ta da ƙusa sosai. Ragar nan mai manyan idanu tana tsare kaza, amma ba ta hana ɓera da maciji, kuma ƙananan tsuntsaye na ratsa ta su ci abincin kaji su bar musu cuta. Muzuru kuwa, in ragar ba ta kafu ba, yaye ta yake yi.

Kwano shi kaɗai yana saurin yin sanyi da dare, shi ya sa laima ke daskarewa a jikinsa. Ka shimfiɗa karan dawa ko tsohuwar zana a kansa ka danne. Ɗigon zai ragu, da bazara kuma za ka gode wa kanka.

Akurkin laka irin na iyayenmu, mai ƴar ƙofa ɗaya da ake dannewa da dare, shi ya fi kowanne buƙatar gyara, kuma gyaransa ya fi araha. Ka huda ramuka uku ko huɗu masu faɗin dunƙulen hannu a kusa da ƙololuwa, ta kudu da yamma, ka liƙa guntun raga da laka a kowanne. Wanda ke da fasasshen tulu ya ɗauki wuyan ya dasa a saman akurkin ya yaɓe gefensa, ya ɗaure raga a bakin. Iska mai ɗumi za ta riƙa fita ta nan, da damina sai a kifa masa kasko a kan ƴan duwatsu. Ƙofar kuma, maimakon kwano da dutse, kafinta ya haɗa ƙaramin firam mai raga, a rufe biyu bisa ukunsa na ƙasa da buhu, a bar sama.

Masu kejin raga, wanda duk gefensa a buɗe yake, matsalarsu akasin haka ce, iska ta yi musu yawa. Su labule suke bukata. Yawancin mutane a sama suke ɗaure labulen su sake shi ƙasa, sai gibin ya kasance a ƙasa, daidai inda kaji suke. A juya shi. A kafe buhun a ƙasa, a sa igiya a riƙa jan sa sama, yadda duk gibin da ya rage zai kasance kusa da rufi. Ta arewa da gabas a ja shi har ƙarshe a daren iska, ta kudu da yamma a bar santimita 20 zuwa 30 kullum.

Duk wannan ba zai yi aiki ba idan kajin sun fi ƙarfin ɗakin. Kada su wuce 4 ko 5 a kowane murabba'in mita. Na san ana cewa cunkoso yana sa su ɗumama juna. Ɗumin gaskiya ne, amma laima da amoniya ma ninkuwa suke, kuma in ɗaya ta kamu da mura duk sun kamu. Sandar kwana ta kasance mai kauri, faɗinta santimita 4 zuwa 5, yadda kaza za ta zauna ta rufe yatsunta da gashin ciki, kowace kaza ta sami santimita 20 zuwa 25. A kafa ta kusa da bangon da aka rufe, kada ta kasance tsakanin ƙofa da taga. Zabi da agwagi a raba musu makwanci, agwagwa musamman, domin kashinta ruwa ne tsagwaronsa.

Ƙasan ɗaki

Rabin gyaran iska a ƙasa yake. Shimfiɗa busasshiya ba ta fitar da amoniya mai yawa, don haka duk abin da ya rage laima ya rage wa taga aiki. A zuba shimfiɗa mai kaurin santimita 5 zuwa 10: ɓawon gyaɗa, wanda ba ya wuyar samu a nan bayan kaka, ko ƙaiƙayi, ko ɓuntun shinkafa, ko askin katako daga wurin kafinta. Garin zarto mai laushi yana ƙara ƙura, ni ban son sa a hunturu. Ɓawon gyaɗa kuma a shinshina shi kafin a zuba. Wanda ruwa ya taɓa har ya yi fumfuna a zubar, domin ƙurar fumfuna tana shiga huhun ƴan tsaki ta kashe su.

Ka ɗebo shimfiɗar daga ƙarƙashin sanda ka matse a tafin hannu. In ta dunƙule ta tsaya, ta jiƙe, a kwashe wurin a zuba sabuwa. In ta watse, lafiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa tsohon buhu ko guntun kwano ƙarƙashin sandar kwana, tunda a nan kashin dare duka ke zuba. Kowace safiya a fitar da shi a kaɗe a rami ɗaya nesa da akurki. Aikin minti biyu ne, yaro ma zai iya, kuma taki ne mai ƙarfi da masu lambu irin na Jiratawa suka san darajarsa.

Akwai wata al'ada da nake roƙon a bari: barbaɗa toka ko farar ƙasa a kan ɗanyen kashi a cikin ɗaki a rufe, wai don kashe wari. Toka tana sa kashin ya saki amoniyarsa da sauri, kajin su shaƙa. Wurin toka a waje yake, a gauraya ta da yashi a inuwa su yi birgima a ciki, tana taimaka musu da ƙwarƙwata da ƙuma.

Ruwan sha ma a fitar da shi da magariba idan manyan kaji ne da ke kwana cikin duhu. Ba sa sha da dare, kifar da shi kawai suke yi. Amma a mayar musu da shi da sassafe, ba jinkiri, domin bushewar hunturu na sa ƙishi. Ƴan tsaki da kajin nama da ake kunna wa fitila, su ruwansu ba ya fita, sai dai a ɗora mazubin a kan bulo yadda ba zai zube ba. Ranar shara a fitar da kaji tukuna, a yayyafa ruwa kaɗan don ƙura ta kwanta, mai sharar ya rufe hancinsa, a bar wurin ya bushe kafin su koma.

Yadda yini ke tafiya kuwa ba wuya. Da hantsi, rana ta ɗaga, a buɗe ƙofa a sauke labulen kudu da yamma gaba ɗaya, rana ta shiga ta busar da ƙasa. Da la'asar a watsa musu hatsi, gero ko dawa ko masara, domin a sanyi kaza ta fi ci, kuma wadda ta kwanta a ƙoshe ta fi riƙe ɗumi. Da magariba a mayar da labule. Ranar da hazo ya rufe gari har ba a ganin ƙarshen titi, a bar zanar arewa da gabas a wurinta yini guda. Tsagar sama ita ba a taɓa ta, ko wane irin dare ne.

Ƴan tsaki hukuncinsu daban

Duk abin da na faɗa game da jure sanyi, na manyan kaji ne. Ɗan tsako bai iya riƙe zafin jikinsa ba sai ya yi gashi, wajen mako biyar zuwa shida. A makon farko yana bukatar digiri 32 zuwa 35 a daidai inda yake tsaye, sannan a riƙa ragewa kamar digiri 3 kowane mako. Waɗanda ke da uwa, ita ce wutarsu. A ba ta ƙaramin akurki nata, mai busasshiyar shimfiɗa, inda iska ba ta bi ta ƙasa, kada a sake su sai rana ta yi ɗumi.

Masu sayen ƴan tsakin gidan gona don su kai kasuwar ƙarshen shekara, su ne ke cikin hatsari mafi girma, domin su ne ke haɗa leda da gawayi. Gawayi yana cin iskar ɗaki, yana kuma fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. A ɗakin da aka liƙe da leda takan kashe ƴan tsaki a dare ɗaya, a wayi gari a ce sanyi ne ko cuta. Tana kashe mutum ma, don haka kada a sa yaro ya kwana gadi a irin wannan ɗakin.

A kunna gawayin a waje, a jira hayaƙi ya ƙare ya zama jan garwashi, sannan a zuba a tukunyar ƙasa mai ƴan huji a shigar. A ɗora ta a kan bulo, a kewaye ta da raga don kada su faɗa ciki ko shimfiɗa ta kama. Iskar da za a tare ita ce ta ƙasa: a yi da'ira da kwali mai tsayin kamu ɗaya kewaye da su. Da'ira, ba mai kusurwa ba, domin a kusurwa suke hawan juna har na ƙasa su mutu. Sama da kwalin kuwa ɗaki ya sha iska, tsagar sama a buɗe kamar kullum. Gawayi zai ƙare da sauri kaɗan, amma kuɗinsa bai kai na ƴan tsaki hamsin ba. Mai amfani da ƙwan lantarki ya tanadi gawayi a gefe, tunda wuta na iya ɗaukewa tsakar dare. A kuma nisanta wuta da zana da buhu, a ajiye bokitin ruwa kusa, domin hunturu lokacin gobara ne.

Ko ba ka da ma'aunin zafi, ƴan tsakin za su nuna maka. In sun taru a kan juna kusa da tukunya suna kuka mai ƙarfi, sanyi suke ji. In sun gudu bakin kwali suna buɗe baki, zafi ya yi yawa. In duk sun koma gefe ɗaya sun bar ɗaya gefen, iska ce ke shigowa ta wani wuri, ka nemo ta. In sun bazu ko'ina, wasu na ci wasu na barci, ka je ka kwanta.

Abin da iska ba ta magani

Ba zan bar mai karatu da zaton cewa taga ta gama komai ba. Cutar nan da ke share kajin unguwa guda a lokacin sanyi, mai sa koren zawo da murɗewar wuya, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, ƙwayar cuta ce da ba ta da magani, sai rigakafi. Kafson nan da ake ɓarewa a zuba a ruwan sha ba ya taɓa ta. Akwai rigakafin allura, akwai na ɗigawa a ido wanda ake maimaitawa kamar kowane wata huɗu. Lokacin yin sa kaka ne, wajen Oktoba, domin jiki na bukatar kusan mako biyu kafin kariya ta kama. Wanda bai yi ba ya yi yanzu in dai kajinsa lafiya lau suke, amma ba a yi wa kazar da ta riga ta kwanta. A nemi ma'aikatan kiwo ko likitan dabbobi mafi kusa, maƙwabta su haɗu a yi rana ɗaya, tunda kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce.

Kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Wadda ta fara atishawa ko fuskarta ta kumbura a fitar da ita ranar. In kuma kaji suka fara mutuwa farat ɗaya da yawa, kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa. A binne mushen da zurfi a sanar da ma'aikatan kiwo. Murar tsuntsaye ta taɓa shigowa Nijar, an tabbatar da ita a Magariya ta jihar Damagaram a Fabrairun 2006, kuma tana kama mutum.

Wajen ƙarshen Fabrairu, da ka ga kaji sun fara buɗe baki da tsakar rana suna sakin fukafukai, lokacin kwance kaya ya yi. A fara cire labulen kudu da yamma, bayan mako ɗaya ko biyu a cire na arewa. Zanar gabas za ka iya barin ta da ɗan tazara daga bango, domin hadarin damina ma ta gabas yake tasowa. Buhuna a wanke a shanya, zana a kaɗe ta a ɗora a bisa inda gara ba za ta kai ba.